Yayan Matata Ya Raba Ni da Sitiyari

Yayan matata ne ya kashe mini giyar mota, ya wanke motar tas, ya kawo mini makulli yana murmushi, ya bar ni wata da watanni ina zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, Edita. Ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya, don haka a gyara mini inda rubutun ya karkace, amma kada a taɓa maganar. Ba zan faɗi sunan kowa ba, domin har yau ƙanwarsa tana ɗakina, kuma 'ya'yana Kawu suke ce masa.

A lokacin ina zaune a ƙauyenmu da ke tsakanin Bici da Ɗambatta, inda gonaki suka matse juna har kana tsaye a taka kana jin tarin maƙwabci. Da can acaɓa nake yi a Kano, sai na yi haɗari, gwiwata ta hagu ta sandare. Ina takawa da sanda, amma ba na iya bin garma a bayan shanu, ba na kuma iya danna kuloci. Na yi shekaru ina zaman rumfa ina sayar da kananzir da ashana, abin da ko cefane ba ya isa. Daga ƙarshe na rufe ido na sayar da rabona na gonar gado da bijimaina biyu, na sayi a-kori-kura mai giyar atomatik a hannun wani dillali a Kano. Motar wani kamfani ce da aka yi gwanjonta, ba ta ci hanya ba ko kaɗan, ledar kujerar ma ba a gama cirewa ba. Mutanen garinmu suka yi ta dariya, wai na sayo motar mata, wai ina ita ina burtali. Ni kuwa na san abin da na saya. Birki da totur duk na ƙafar dama ne, ta hagu sai dai in miƙe ta in ajiye.

Motar nan ta mayar da ni mutum. Ranar kasuwar Ɗambatta ina ɗaukar hatsi da awaki, da rani ina kai taki gonaki, idan haihuwa ta zo wa wata da gardama ƙofata ake bugawa. Ni da aka saba wucewa a ce sannu da jiki, sai ga shi ana tsayawa bakin hanya ana ɗaga mini hannu. Sai shekarun wahala suka shigo. Fetur ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, ga shi kuma babu shi; sai ka wuni a layi a gidan mai ka dawo da tanki kamar yadda ka je. Ni dai duk ranar da na dace na cika tanki, lallaɓa shi nake kamar jinjiri.

A irin wannan rana yayan matata ya zo. Yana noman rani a fadama, kuma ya taɓa jan bas shekaru, saboda haka gani yake babu abin da za a gaya masa game da mota. Ya ce tumatir ɗinsa ya nuna, masu motocin haya sun tsuga masa kuɗi, in ara masa tawa ya kai Kano, ya dawo da taki. Na ce ni zan tuƙa in kai shi. Ya ce haba, da wannan ƙafar har cikin cunkoson birni, in zauna in huta. Raina bai so ba, amma wanda ya aura maka ƙanwarsa, wanda kake cire takalmi ka gaishe shi, ta ina za ka fara ce masa a'a? Na soma yi masa bayanin cewa giyar nan ba irin wadda ya saba ba ce, ya katse ni da dariya, ya ce yana tuƙi tun ina wasan ƙasa. Na miƙa masa makulli da tanki cike. Washegari da hantsi ya dawo da ita tana ƙyalli, har tayoyi an wanke. Mai ya yi ƙasa sosai, amma na ce cunkoson birni ne. Na ji daɗi, na ce wa matata yayanta ya san girman aro.

Ba a yi mako ba motar ta fara rikici. Da safe in na sa giya sai ta yi jim, kamar tana tunani, sannan ta zabura. Na ce sanyi ne. Bayan kwanaki, ina hawa kwalta da kaya, na taka totur, inji ya yi ƙara amma motar ba ta ƙara gudu ba. Daga ranar na daina kunna rediyo, na daina hira da wanda ya zauna kusa da ni, kunnena yana ƙasan kujera ina sauraron lokacin da za ta canja giya. In ta canja lafiya in ce alhamdu lillahi, in ta yi gardama zufa ta karyo mini. Na fara rage kaya, mai buhu goma in ce biyar zan ɗauka, ya tafi yana zagi. Ko a sallah sai in ji ƙarar injin nan a kaina, in rasa raka'a ta nawa nake. Ban gaya wa matata ba. Me zan ce mata? Gona ta tafi, shanu sun tafi, duk abin da muka mallaka shi ne wannan ƙarfen, kuma ni kaɗai na san cewa ba kowane gyara ne zai bar ni a kan sitiyari ba.

Ranar da ta tsaya gaba ɗaya ina ɗauke da dawar mutane zuwa kasuwa. Wani wari ya taso kamar an ƙona roba, motar ta ƙi gaba ta ƙi baya, inji yana ta kuka a banza. Masu kaya suka sauke buhunansu suka tari wata motar, suka bar ni a bakin titi da sandata. Makanikan garinmu suka ce su ba sa taɓa atomatik. Sai da na yi hayar babbar mota aka ɗora ta aka kai ta Kano wajen wani dattijon makanike da ya san irinta. Ya zaro man giya ya nuna mini: wanda ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, da ɓarɓashi a ciki. Ya dubi mita, ya girgiza kai, ya ce giyar da ta yi wannan 'yar tafiya ko tsufa ba ta fara ba. Ya tambaye ni ko an taɓa ɗaure motar an ja ta da inji a kashe. Na rantse masa ba a taɓa ba. Ya ce to shi dai abin da ya gani ya yi kama da haka, domin irin wannan giyar inji ne ke zagaya mata da mai, in aka ja ta mai nisa inji ba ya aiki, ƙarafan ciki cin juna suke yi a bushe.

Da na dawo gida na ba yayan matata labari, har da tambayar makanike. Ko gezau bai yi ba. Ya ce makanikai surutu gare su, dillalin nan ne ya cuce ni, sun saba juya mita su sayar wa ɗan ƙauye tsohuwar mota. Shi ya raka ni wajen dillalin, shi ya fi ni ɗaga murya. Na gaya wa dillalin nan, bawan Allah, maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba, a gaban mutane, yana ta rantsuwa ina cewa ƙarya yake.

Gaskiya a teburin mai shayi ta same ni, a kwanar da ake sauka daga kwalta a shiga garinmu. Ina zaune ina jiran mota, mai shayin ya yi mini jaje, ya ce ai shi tun ranar da ya ga tifa ta jawo ta da sarƙa ya san akwai matsala. Ya ɗauka na sani. Na ajiye kofi na ce ya maimaita. Ashe kafin yayan matata ya tafi Kano, tiyo ya sa ya zuƙe fetur daga tankina ya cika jarkoki saboda injin ban ruwansa, yana lissafin sauran zai kai shi ya dawo da shi. A dawowa, ya wuce Bacirawa da ke bakin Kano kaɗan mai ya ƙare. Gidajen mai a rufe, 'yan bumburutu kuma ya ga ba zai iya farashinsu ba. Sai ya tari wani abokinsa mai tifa, suka ɗaure motar da takin a bayanta, suka taho da ita a guje tun daga can. A kwanar suka kwance sarƙa, ya aika aka kawo masa 'yar jarka daga fadama, ya zuba, ya shigo gari yana tuƙi kamar ba abin da ya faru. Mutane da dama sun gani. Kowa ya ja baki, wai kada a haɗa surukai faɗa.

Abin da nake tsoro shi ya faru. Giyar atomatik ta irin motar, ko tsohuwa ce da aka ciro daga wata motar, kuɗinta ya tashi da tashin kaya har ya fi ƙarfina nesa, kuma ba ni da sauran abin sayarwa. Makaniken ya ce abin da zai yiwu shi ne a sa mata giyar hannu, a dasa kuloci. Ya faɗa yana kallon ƙafata, sannan ya kau da kai. Na bar motar a garejinsa tsawon damina ina jiran ko wata hanya za ta ɓullo. Ba ta ɓullo ba, hatsi ya ƙare a gida, na ce a sa. Ranar da aka kawo ta na shiga na gwada danna kulocin, gwiwar ta ƙi, na sake gwadawa har hawaye ya zo mini, na fito. Yanzu tana hannun wani direba daga wani gari, ni kuma na koma rumfa, tana wucewa ta gabana ina bin ta da ido. Na je na nemi gafarar dillali, ya yafe. Matata ta yi kuka ta ce in yi haƙuri, jininta ne. Ban ga laifinta ba.

Ga masu karatu, abu biyu zan ce. Wanda yake da mota atomatik, kada ya yarda a ja ta da inji a kashe, ko da waye ya ce ba komai; a ɗora ta a kan wata motar, ko a kwana a wajenta. Na biyu, abin da da shi kake ci, kada kunya ta sa ka miƙa shi ga wanda ya raina shi. Kunyar rabin sa'a na ji na gaya wa mutum a'a, ga inda ta ajiye ni.

Yayan matata kuwa, kwana kaɗan da sa giyar hannun ya zo ƙofar gidana bayan la'asar, ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya ce yanzu ta zama mota. Wai tunda ƙafata ba za ta iya ba, in ba shi ya riƙa ja, mu riƙa rabawa, gara na gida da bare. Ban cire takalmi ba ranar, ban kuma ce masa Yaya ba. Na ce masa na san labarin tifa da sarƙa da tiyo. Na ce da ya zo mini a ranar ya faɗi gaskiya, da wataƙila an ceci giyar, amma ya zaɓi ya wanke tayoyi. Na ce ƙafata ta farko Allah ne ya karɓa, kuma na yi haƙuri. Ta biyun da na sayar da gonar ubana na saya, shi ya karɓe ta saboda jarkar fetur. Na ce ya riƙa zuwa yana ganin ƙanwarsa, ba zan hana ba, amma makullin nan gara in jefa shi a rijiya da ya sake shiga hannunsa.