Garin Kaji a Kejin Yaya Sule

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Sule, amma makon jiya a kasuwar Sauka Kahuta sai na ji kamar jiya muka binne shi. Wani mai sayar da abincin dabbobi ne ya miƙa wa wata mata ƙullin garin ƙara ƙiba na kaji, ya ce ta zuba wa zomayenta, wai ciki duk ciki ne. Wannan maganar ce ta taɓa shafe zomayen unguwarmu kaf.

A shekarun tamanin, lokacin da nama ya gagari talaka, Yaya ya bar aikin jirgin ƙasa ya kama kiwon zomo a bayan gidansa na Tudun Wada. Hannunsa bai san riƙo ba. Duk gidan da ya ga yara sun rame, sai ya kai musu mace ɗaya, in ta haihu a dawo masa da ɗa guda. Harawa da dusa da ɗan gishiri ne abincinsu, suna ta haihuwa har muna masa tsiya cewa sun fi shi iyali.

Sai aka kawo masa garin nan, aka ce kaji na ƙiba da shi. Da wani ne, da a keji ɗaya zai gwada. Yaya kuwa bai iya cin alheri shi kaɗai ba. Ya cuɗa da dusa, ya bi gida-gida yana rabawa. Ashe akwai maganin kaji a ciki da cikin zomo ba ya ɗauka. Kafin mako ya zagayo zomayen sun daina ci, sun bi juna suna mutuwa.

Ina tsaye lokacin da Mama Ladi, wata Bagwariya da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta zo ƙofar gida. Ta ce, “Malam Sule, zomo na duka ya mutu. Yara zai ci me?” Ba ta zage shi ba. Da ta zaga, da ya fi masa sauƙi.

Wata tsohuwar zomanya ce kaɗai ta tsira, don tsirfa ta hana ta taɓa dusar. Da ita ya sake farawa. Duk haihuwa sai ya kai wani gida, ya fara da Mama Ladi, kuma 'ya'yansa ba su ƙara ɗanɗana zomo ba sai da gida na ƙarshe ya samu.

Da yana raye ya ga yau ana sayar da garin nan a fili, babu mai tambaya, na san ba zai iya wucewa ba. Bai bar fili ko mota ba, wannan halin ya bar mana. Ni da ba na shiga sabgar mutane, sai ga ni ina bin matar nan ta kasuwa har bakin Keke Napep, ina roƙonta ta mayar da ƙullin.

Ta dube ni ta ce, “Baba, kai likitan dabbobi ne?”

Na ce, “A'a, 'yata. Ƙanen Sule ne.”