Yatsun Thawin Uku

Duk mai a-kori-kurar tsere a Suphan Buri ya san Thawin, bakaniken nan mai karkatattun yatsu uku. Mutum ne mai rowar magana, amma a kan turbo, abin da ke cusa wa inji iska, kunnensa ya fi na'ura. Da jin fiton injin zai gaya maka iskar ta yi yawa ko ta gaza. Shekara talatin yana sana'ar, sau ɗaya tak aka ce ya yi kuskure.

Da rana tsaka abin ya faru. Motar wani ɗan tsere, Kamron, wadda Thawin ya ɗaura wa sabon turbo, tana cikin gudu allurar iska ta wuce iyaka. Injin ya tarwatse, motar ta zame a kan baƙin manta ta daki katanga. Aka zaro Kamron jina-jina, baya a karye.

Washegari aka jawo motar gareji. Thawin ya bi siririn tiyon da ke buɗe ƙofar rage iska. In ya toshe, ƙofar ba ta motsi, injin ya yi ta haɗiyar iska har ya fashe. Can ƙasa ya taras da farin zaren tsari, irin na haikali, an naɗa ninki tara an tamke har robar ta shaƙe. Ya san ƙullin. Lamduan ce, uwar Kamron, mai ɗaura wa sitiyarin ɗanta zare duk ranar tsere. Wannan karon ta nemi kusa da zuciyar motar.

Yana cusa zaren a aljihu sai ga Suchin, wan Kamron, riƙe da spana, tsohuwar na biye tana kuka.

"Kai tsohon banza, me ka yi wa motar ƙanena?"

Thawin ya dubi tsohuwar. Kwana ɗaya ta tsufa da shekara goma.

"Ba da kai nake ba? Ko kurma ne?"

"Ni na yi sakaci," in ji Thawin. "Ban duba tiyon ba."

Spanar ta sauka a bakinsa, ya tofar da haƙori biyu. Suchin ya shaƙe shi, ya danne hannunsa na dama a kan ƙarfen motar, ya buga sau uku. Kowane bugu sai da aka ji ƙas.

"Ƙara masa!" Lamduan ta kwarma ihu. "Ni na yi wa ɗana tsari, wannan la'anannen ya nakasa min shi!"

Thawin ya cije, ya bar zaren a aljihu.

Kamron bai sake taka ƙasa ba. Rabin masu kawo aiki suka gudu, sai daga baya suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya. Har yau kowace mota aka kawo, kafin ya tayar da ita sai ya shafa tiyonta da yatsun nan, masu motar na yi masa dariya. Lamduan kuwa ta ƙara shekara shida a duniya, kuma ba ta taɓa wuce garejin ba tare da ta tofa masa yawu ba. Ta mutu hankalinta kwance.