Sunan da Inna Ba Ta Kira Ba

Idan sanyi ya shigo ƙauyenmu, can gefen Bazaga, kakarmu Inna takan tara karan gero a ƙofar ɗakinta ta hura wuta bayan isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tura gujiyarsa cikin toka. Tun lokacin idanunta sun fara dushewa, da murya take gane mu. Ta san gatana da yawa, wato tatsuniya, amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai babanmu ya fita hira.

Wata mata ce, in ji Inna, ta daɗe ba ta haihu ba. Ta je bakin tabki tana kuka, sai aljana mai tabkin ta miƙo mata jariri namiji naɗe cikin baƙin zane, ta ce kada a raba shi da zanen. Yaro ya girma da zane a ƙirji. Ya iya daka, ya iya miya, ba ya faɗa da kowa. Ran nan a kasuwa samari suka taru suna yi masa ihu, suka fizge zanen. Nan take ya zama balbela, ya tashi ya koma tabki. Kullum da yamma uwar takan ɗauki tuwo ta je, ta tarar da balbelu fari fat, ba ta san wanne ne nata ba. Mai tabkin ta ce mata, ki kira sunansa sau ɗaya, zai dawo mutum. Sai ta tsaya tana cewa, "Wane, wane." Ba wanda ya waiwayo.

Nan Inna take tsayawa. Ba ta taɓa rufe wannan gatana da ƙurunƙus ba.

"To Inna, don mi ba ta kiran sunan?" in ji ni.

"Ke dai kin cika tambaya, kishiyata. Ɗan hwari na. Uwa ba ta kiran sunan ɗan hwari."

"Ko sau guda?"

"Juya gujiyarki, ta ƙone."

Ina da kamar shekara goma mahaifiyata ta tafi da ni kasuwar Konni a amalanken jaki. Kusa da tasha na ga wani dogon mutum da zane ɗaure a ƙirji, da kallabi, hannuwansa jawur da lalle, yana zuba shinkafa da miya. Direbobi suna cin abincinsa suna yi masa ba'a.

"Ke Hajiya, ƙaro miya. Yaushe za a kawo sadaki?"

Yana dariya yana ba su amsa. Da ya hango mu sai dariyar ta tsaya, ya ajiye ludayi, ya mai da hannuwansa baya. Mahaifiyata ta sunkuya kamar takalminta ya tsinke, ta ajiye ƙullin daddawa da kuka kusa da tukunyarsa, muka wuce ba gaisuwa. Na gane tsumman da aka ƙulle su da shi, gefen tsohon zanen Inna ne.

"Baffanki na, wan babanki," in ji mahaifiyata a hankali. "Kada ki hwaɗa gida."

A gidanmu ba a ambaton sa. Babana ya sha gori a majalisa da bakin masallaci, ana ce masa ƙanen ɗan daudu, har ya rantse ba shi da wa. Kowa ya bar kiran sunan don kunya. Inna ma ba ta kira, sai na ɗauka kunyarsu ɗaya ce. Ban san tata daban ba ce. Tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kamar kowace uwa da ɗanta na fari. Ko da ta so ta roƙa masa, ba ta da bakin da za ta fara.

Shekarar da ciwo ya kwantar da ita, idanun sun rufe gaba ɗaya. Mahaifiyata ta yi ta lallashin babana har ya yarda a aika Konni a kira Baffa, bisa sharaɗi: ya zo da rana, cikin kayan maza, ya tafi kafin la'asar.

Ya zo da babbar riga ta aro, ta yi masa gajarta, da hula da ba ta zauna masa ba. Ya goge hannuwansa da dutse har sun yi jini, lallen bai fita ba. Mata suna leƙe ta darnin kara. Ya durƙusa a bakin gadon Inna. Ta lalubo hannun rigar, ta shafa ɗinkin.

"Wane baƙo na?"

"Ni na, Inna."

Sai ta juya fuska bango, yadda uwa take yi wa ɗan fari. Amma ba ta saki rigar ba. Can ta ce, "Ina yaran? Ku taho. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Inna, rana ta," in ji mahaifiyata. "Mai gatana da rana ɓata shikai."

"Mai ɓata ya daɗe da ɓata. Ku bar ni."

Ta yi ta tun daga farko, muryar na yankewa. Da ta kai bakin tabki, wurin da take tsayawa kullum, sai ta ci gaba. Ta ce uwar ta kasa kiran sunan, sai ta kwance zanen jikinta ta shimfiɗa a kan ruwa. Balbela ɗaya ta sauko ta zauna a kai.

"Ƙurunƙus," in ji Inna.

Baffa ya kifa kansa a gefen gado. Aka kira la'asar, babana ya yi gyaran murya a zaure, Baffa ya tashi ya tafi. Bayan kwana huɗu Inna ta rasu. Ba a aika masa ba sai da aka rufe ta. Shi ma bai daɗe ba. Abokan sana'arsa ne suka yi masa sutura a Konni, daga gidanmu ba wanda ya je.

Yanzu ina Malbaza da ƴaƴa biyar, maigidana yana aiki a masana'antar siminti. Ni ma ba na kiran sunan ɗana na fari. Na ji wa'azin malamai a kan irin su Baffa, ba ni da ilimin da zan yi musu, hukunci kuma na Allah ne. Abin da na gani dai shi ne mutanen da suka ƙoshi da abincinsa suna dariya, da tsohuwar da ta yi shekaru tana kiran ɗanta ta bakin tsuntsu. Ranar da na ji ƴaƴana suna bin wani mai waina da ihu saboda kallabinsa, ban dake su ba. Na hura wuta, na yi musu gatanar balbela.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana. Da malama ta ga na iya rubuta sunana, ta ce in rubuta na wani da nake so. Na daɗe riƙe da alli. Ni ba ni na haifi Baffa ba, ba abin da ya hana ni. Na rubuta Assumana, na karanta da ƙarfi, a madadin Inna.