Sunan Karan Bado

Bana shekara ashirin da uku ke nan da ruwa ya riƙe yayata Kaltume a wani tafki da ke gabas da Haɗejiya, kan hanyar Kirikasamma. Sau da yawa nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin in za a faɗi gaskiya, da hannuna a ciki.

Sana'ar Yaya Kaltume cirar bado. Shekarar da fara ta cinye gero, ita ta riƙe gidanmu. Takan hau gora ta shiga tsakiyar tafki, ta kama dogon karan nan da ya haɗa ganyen bado da saiwarsa, ta bi shi da nutso har ƙasa ta ciro abin da za mu ci. Mu kara muke ce masa. Mata masu nutso kuwa suna da wani tsohon suna da suke kiransa da shi, uwa ke gaya wa 'ya. Kafin a ja shi sai an kira sunan, neman izini ne wurin masu ruwan. Sharaɗinsa ɗaya: ba a faɗinsa a tudu, sai ƙafa na cikin ruwa.

A lokacin ban daɗe da fitowa makarantar boko ba, kaina ya kumbura. Aka haɗa ni da wani Baturen daji mai yawon rubuta sunayen tsirrai, ni ne tafinta, ni ne magatakarda. Don in burge shi na ba shi labarin sunan, na kuma ja shi har ƙofar gidanmu da hantsi.

"Sule, mu je bakin ruwa mana, in faɗa maka a can," in ji Yaya.

"Haba Yaya, ai camfi ne. Bature ba zai jiƙa takalminsa ba. Kada ki ba ni kunya."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta faɗa a hankali, tana tsaye kan busasshiyar ƙasa, ni kuma na rubuta a littafin Baturen.

Bayan kwana huɗu ta nutsa da rana tsaka, a ruwan da ta sani kamar ɗakinta. Goran ya tsaya cak wuri ɗaya, ga iska na kaɗawa. Da la'asar masunta suka ciro ta, karan bado ya naɗe mata idon sawu zagaye uku. Abin da ake tsinkewa da yatsa biyu, ranar sai da aka sa masa wuƙa. Liman ya ce ajali ne, na kuwa yarda. Amma tun daga ranar ban ƙara taka ruwan da ya wuce na alwala ba.

Yau ko'ina ka juya zancen tafiyar Turawa ake. Da Yaya za ta ji, na san abin da za ta ce: to su tafi, littafin fa? Yana can ƙasarsu a tudu, kowa ya ga dama ya buɗe ya karanta da ƙarfi. Wannan tunani ya sha hana ni cin abinci.

Bana ruwa ya cinye gonaki. Makon jiya Hadiza, 'yar da Yaya ta bari a goye, yanzu mai 'ya'ya huɗu, ta zo ta durƙusa gabana.

"Kawu, rumbu ba komai, bado zan shiga. Tsofaffin da suka san sunan duk sun ƙare. An ce yana wurinka."

Na ce bari in rubuta mata a takarda. Ta girgiza kai.

"A ruwa, Kawu."

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar akuya ba. Kalma ɗaya ta bari, kuma a bakin wanda ya ci amanarta. Washegari na tuɓe rigata a bakin tafkin nan, na shiga har ƙirji. Na sa baki a kunnen Hadiza na faɗa mata.

Ina rufe baki wani abu mai laushi ya kama min idon sawu. Ya riƙe ni kamar tsawon numfashi uku, sannan ya saki. Hadiza ta ciro badonta lafiya, yara sun ci. Ni kuwa har yanzu ban sani ba ko yafe min aka yi, ko dai ajiye ni aka yi zuwa wata rana.