Rigar A-Luan Cikin Gwangwanin Shayi

Duk garin Lugu babu wanda bai san hancin Yeh Chin-tsai ba. Shekara arba'in yana gasa ganyen shayi a kan gawayi, ba ya duba agogo, sai dai ya sunkuya kan kwando ya shaƙa, ya ce a juya ko a sauke. To, hancin nan ne ya juya masa baya. Mura ta zauna masa daram, goshi da kumatu suka yi nauyi kamar an ɗura musu yashi, har wata safiya ya shaƙi kwando bai ji komai ba.

Ba sana'ar ce ta fi damunsa ba, 'yarsa Hui-chuan ta iya gasa shayi. Abin da ke cin ransa yana saman kabad. Matarsa A-Luan ta rasu a shekarar da hancin ya toshe, kuma ranar da dangi suka zo kwashe kayanta, sai ya ɓoye rigar sanyinta da ba a wanke ba. Ya cusa ta cikin babban gwangwanin shayi, ya liƙe murfin da takarda yadda suke liƙe shayin ajiya. Ƙamshin jikinta yake so ya sake ji, ko sau ɗaya, ranar da hanci ya buɗe.

Likita ya ce nama ne ya tsiro a ciki, sai an cire. Chin-tsai ya ce wuƙa ba za ta taɓa masa hanci ba, ya koma bin masu magani. Garin fure, man 'ya'yan ƙaya, turare, tafarnuwa, zuma, kai, har wani ruwa da aka ce daga kogon dutse aka ɗebo. Amma fa tsohon ba a yi masa wayo. Duk maganin da ya saya kwana goma yake ba shi, sannan Hui-chuan ta ɗaure masa ido, ta jera kofuna uku: ɗaya citta, ɗaya shayi, ɗaya wayam.

"Wannan ce cittar," in ji shi.

"Baba, wannan ba komai a ciki."

"To zubar da kwalbar."

Wata rana a kasuwar bakin haikali wani mai magani ya tare shi. "Kawu, shaƙi wannan. Kakana ya haɗa shi, sanyin ƙashi ma yana warkarwa, har ciwon suga."

Ya shaƙa, wani sanyi ya ratsa masa har ƙwaƙwalwa.

"Ka ji ya buɗe ko?"

"Na ji na'a-na'a dai. Sanyi daban, ƙamshi daban, ɗana. Kuma maganin da ya san hanci ya san suga, ai ya fi kakanka ilimi."

Ya faɗi haka, ya kuma saya. Abin haushin ke nan. Ya fi kowa gane ƙarya, amma kewa ba ta barinsa ya wuce kwalba. Haka aka kwashe shekara biyar. Kullum da hantsi sai ya sauko da gwangwanin ya goge masa ƙura, ya ɗora shi a cinya yana ba shi labarin gari.

Hui-chuan ce ta gaji. Ta ce, "Baba, kowace kwalba ka ba ta kwana goma. Likitan kaɗai ka hana ko kwana ɗaya."

Ya yi kwana biyu yana fushi da ita, a na uku ya sa takalmi suka tafi wurin likita. Aka yi aikin, aka haɗa shi da wankin hanci da ruwan gishiri. Likita bai yi alkawarin komai ba, wannan ma ya sa tsohon ya ɗan yarda da shi. Bayan wata biyu aka jera kofuna, ya nuna citta, aka sauya musu wuri ya sake nunawa.

Ya sauko da gwangwanin, ya yanke takardar murfin. Ya ciro rigar, ya tusa fuskarsa a ciki, ya daɗe a haka. Shayi kawai yake ji. Gwangwanin ya shekara talatin yana cin gasasshen ganye, ƙamshin ya kama ƙarfen, kuma a shekara biyar ya cinye na rigar tas. Shi da yake hana a ajiye sabulu kusa da shayi, ko kusa bai tuna da wannan ba.

Hui-chuan ta karɓa ta shinshina. "Baba, ai Mama ma haka take ƙamshi. Kullum tana gefen murhunka."

Ya girgiza kai. "A'a. Ita ƙamshin man zafi take yi, da na soyayyar albasa. Wannan gashin shayina ne, na shekarar da aka yi ruwa da yawa, wuta ma ta ɗan yi masa yawa." Ya sake shaƙa, a wuyan rigar, sannan a hammata. "Hancin ya dawo sarai, 'yata. Ita ce ba ta nan."