Takalmin Hagun da Komite Ya Yi wa Dariya

Daga Allah muka zo, kuma Nata'ala Jibo ya riga mu komawa gare Shi. Ranar Alhamis, 15 ga watan Mayu 2025, da hantsi, ina tsakiyar yankan shadda a shagona na Sabon Gari, ɗiyarsa Mansura ta kira ni a waya. "Baba Idi" kawai ta ce, sau biyu, na ajiye almakashi. Ya cika a gidansa bayan jinyar kwana tara, yana da shekara sittin da takwas. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Nata'ala, shekara talatin da huɗu bango ɗaya ne tsakanin shagona da naka. Ni tela, ina suturta maza daga wuya zuwa idon sawu, kai baduku, kana karɓa daga nan zuwa ƙasa. Ba zan yarda a tashi zaman makokinka da maganar da ke yawo a garin nan ba, wai idonka ya lalace kafin ka mutu, hannunka ya daina sanin daidai. Ƙarya ce. Na san inda aka ƙera ta, domin ina zaune a wurin. Amma bari in fara da kai kafin in ɓata takarda da su.

Ba ka taɓa auna ƙafar mutum da safe ba. Ka ce ƙafa tana kumbura da yini, wanda aka auna da safe zai tsine maka da la'asar. Sai rana ta yi sanyi mutum zai zo ya tsaya a kan takardar buhun siminti, ka durƙusa ka zagaye ƙafarsa da fensir, ta dama daban, ta hagu daban. Daga nan ka sa shi ya taka zuwa gindin bishiyar bedin da ke bakin hanya ya dawo, kai kuwa ka sunkuyar da kai kana sauraron takunsa. Fatar jar akuya da kanka kake zuwa Tibiri ka zaɓo wurin majema, ka ja ta da babban yatsa, ka shinshina, ka ƙi tara ka ɗauki ɗaya.

Na tuna ranar da wani attajiri daga unguwar Zariya ya aiko direbansa da tsohon takalmi a cikin leda, wai a yi masa sabo a kan wannan awo. Ko ledar ba ka buɗe ba. Ka ce, "Koma ka ce ma Alhaji ni ba ni yi ma takalmi takalmi. Ƙahwa ta taho da kanta." Kwana uku yana fushi, a na huɗu ya zo ya tsaya a kan takardar siminti kamar kowa.

Na kuma tuna Ya'u na Jiratawa, manomin zogale, wanda injin ban ruwa ya cinye wa yatsun ƙafa uku. Kunya ta hana shi nuna ƙafar a bakin kasuwa, ga ɗaurin auren ɗansa ya matso. Sau uku kana hawa babur ka same shi a gona, kuna shiga bukka ku biyu. Ranar ɗaurin auren ya tsaya cikin mutane da takalminsa, babu wanda ya dubi ƙasa. Tun daga lokacin zogalen gidanka daga gonarsa yake fitowa. Ranar jana'izarka shi ne ya ƙi sakin makara, sai da aka janye shi.

To, yanzu ga su.

A ƙarshen bara wasu ƴaƴan manyan ƴan kasuwa suka dawo daga yawon ƙasashen waje da wani sabon tunani. Wai Maradi ma sai ta yi baje kolin takalman maza da ɗinkin kostim, wato kwat da wando irin na Turawa, taron da suke kira fuwar, a buɗe shi kwana goma kafin babbar salla. Suka kafa komite na mutum bakwai don tantance wanda ya isa ya baje kayansa. Shugaba shi ne Alhaji Habib, wanda ya gaji manyan motoci daga mahaifinsa, bai taɓa zura zare a allura ba, amma ya san sunan kowane shago a birane uku na Turai. Magatakarda wani Rashid ne, mai yawo da karabat ɗaure a wuya a tsakiyar bazara. Ni suka saka ni ne saboda suna bukatar furfura a cikin hoto. Na kuwa karɓa, domin an ce za a rubuta sunana a babban allo. Wannan ma gara in faɗa da bakina.

Ranar tantancewa, cikin watan Afrilu, aka zauna a zauren wani otal mai sanyi. Dillalai suka riƙa shigowa da takalman kanti a cikin kwalaye, kowanne an naɗe shi da farar takarda kamar jariri. Alhaji Habib ya ɗaga, ya karanta rubutun ƙasansa, ya lumshe ido ya ce, "Kalite!", wato mai inganci. Sauran su amsa masa. Ba wanda ya lanƙwasa takalmi ya ga ko fata ce ko roba, ba wanda ya dubi ɗinki. Kwalin suke tantancewa.

Sai ga ka, da takalmi ƙafa biyu a ƙunshe cikin tsohon zanen matarka Balki. Baƙin sau-ciki mai igiya, ɗinkin hannu, sawun zare a jere kamar haƙoran mataji. A waje ko da ma'auni ba za a bambanta na dama da na hagu ba. Alhaji Habib ya ɗauke su a hannu biyu, ya ji na hagu ya fi nauyi. Ya zura hannu ciki, ya ji dunduniyar hagun ta fi tudu. Rashid ya kawo ma'auni ya zura, ya yi shela kamar wanda ya kama ɓarawo: santimita uku.

Da a nan suka tsaya, da na ce jahilci ne kawai. Amma shugaba ya tuɓe nasa ya sa naka, ya miƙe yana tangaɗi da gangan daga wannan bango zuwa wancan, yana kama kujeru, ƴan komite suna riƙe ciki.

"Baba," ya ce, "wanga na mutum guda ne ko na mutum biyu?"

Ka ce, "Daidai yake da mai shi, Alhaji."

"To wa ne na mai shi?"

"Ba a ba ni izinin hwaɗi ba."

Rashid ya ce tsufa ne, a taimaka a kai tsohon wurin likitan ido. A nan ka dube ni, sau ɗaya tak. Ni kuwa na sunkuya ina gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Takalmin nawa ne.

Ina ɗan shekara bakwai na faɗo daga kan tsamiya a Tibiri, aka yi mini ɗori, ƙafar hagu ta warke gajeriya da kamar yatsa biyu. Da tsokanar yara na girma, har na tsani jin takuna. Watan da na kama shago kusa da kai, ban gaya maka komai ba, kunnenka ne ya ji. Ka kira ni ciki ka saki labule, ka ce in tsaya a kan takarda. Bayan sati biyu na taka ƙasa a miƙe, karo na farko tun ina yaro, na koma shagona na rufe ƙofa na yi kuka. Daga ranar, banda kai da matata, babu wanda ya sani a Maradi. Surukaina ba su sani ba. A masallaci, inda dole a tuɓe, na koyi ɗage dunduniya a ƙarƙashin babbar riga, taku biyar daga ƙofa zuwa sahun baya. Shekara talatin da huɗu ban yi salla a sahun gaba ba, mutane suna cewa tawali'u ne.

Kai ka roƙe ni aron sabon da ka gama mini, ka ce shi ne aikin da ya fi kowanne wuya a hannunka, kuma duk wanda ya san takalmi zai gane da ya taɓa. Ka ɗauka akwai wanda ya san takalmi a zauren. Akwai mutum ɗaya, ya yi shiru. Da aka ce waɗanda suka ƙi su ɗaga hannu, shida suka ɗaga. Ni ban ɗaga ba, ban kuma ce uffan ba, har na fita ina yaba wa kaina wai ban sa hannu a zalunci ba.

Wani daga cikinsu ya ɗauki tangaɗin shugaba a waya. Kafin magariba ya zagaye garin. Ta bango nake jin ƙarar gudumarka tana raguwa, daga yini zuwa rabin yini, daga nan zuwa ɗan lokaci bayan la'asar. Wani marar kunya da ya shekara biyu yana sa takalminka ya maido shi, wai yanzu ya lura yana karkata. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta wanke ka, ka nuna shagon da ke jikin naka ka ce ku tambayi wancan. Ba ka yi ba. Washegarin abin ma kai ka shigo da shayinka kamar kullum, ka ajiye ƙunshin a kan kekena ka ce, "Ga kayanka, ka sa ma salla." Har ka kwanta jinya ba ka ƙara tayar da zancen ba. Ba zan ce baƙin ciki ne ya kashe ka ba, ajali ne. Amma na san da abin da ka kwanta a zuciya, kuma na san wanda ya ɗora maka.

Ko a bakin kabarinka ban daina ba. Da aka nemi wanda zai shiga ya karɓe ka, kowa ya dube ni, na tuɓe takalmi na sauka. Da na fito, yashi ya yi zafi, hankalina ba ya jikina, na manta da ɗage dunduniya. Na ɗingisa a gaban jama'a. Alhaji Habib, wanda ya zo a makare ya tsaya a inuwa, ya tare ni ya ce, "Malam Idi, ciwo ka ji?" Na ce masa na gurɗe ne wurin fitowa. Ko ƙasa ba a gama tura maka ba.

Ranar sadakar uku suka zo su shida, cikin kostim, suna gumi. Wandunan sun matse su, zama a tabarma ya gagara, sai da aka aro musu kujeru daga maƙwabta. Addu'ar da suka yi ba ta kai tsawon gaisuwar da suka yi wa juna ba. Sannan Rashid ya sa aka kira Mansura ƙofar gida, ya karanta mata takarda: komite ya yanke shawarar karrama marigayi, za a yi shiru na minti ɗaya ranar buɗe fuwar, za a sa takalminsa a cikin gilashi. Suna roƙon iyali su ba da ƙafa biyu, amma don Allah a duba cikin na da, waɗanda ya yi lokacin da idonsa ke da kyau. Haka ya faɗa, a ƙofar gidanka, matarka tana ji daga ciki. Mutanen da suka hana ka tebur kana da rai, yanzu sun samo maka gilashi.

Da suka tafi, Mansura ta same ni a zaure. Malamar makaranta ce, ba ta saba tambayar abin da ba ta son jin amsarsa ba. Ta durƙusa ta ce, "Baba Idi, kai ka hi kowa saninshi. Da gaske ne idon Baba ya taɓu, muna gida ba mu lura ba?" Ta fara zargin kanta ke nan. Na ce mata ta ba ni kwana biyu.

Ga amsarki, Mansura, a rubuce, inda kowa zai gani. Idon mahaifinki lafiya lau yake har ranar da ya rufe shi. Santimita ukun nan ba kuskure ba ne, ƙafata ce. Kada ki ba su ko igiyar takalmi.

Alhaji Habib, ban gurɗe ba. Tangaɗin da ka yi a zauren nan kuna dariya, tafiyata ce in babu Nata'ala. Ku cire sunana daga allonku, ku ba wani mai furfura kujerar. Duk wanda ya tura wa wani hoton tangaɗin nan, shagona yana nan inda yake, ya zo in tuɓe masa ya auna da kansa. Na raina ku ƙwarai, ku shida. Amma ku ba ku sani ba, ni na sani.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Nata'ala, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya rufa asirin bayinKa har abin ya ci sunansa, Ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi, Ka sa Aljanna Firdausi ce gidansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Balki, da Mansura da ƙannenta, da dangi na Tibiri, da Ya'u da mutanen Jiratawa, da dukan dukawan Maradi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare bayansa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Balki, Mansura, gafararsa ta wuce ni, na bari har lokaci ya ƙure. Taku nake roƙo, in kun iya.

Idirisa Tela, mai gajeriyar ƙafar hagu,
Sabon Gari, Maradi.