Takin Da Na Watsa Ya Bi Ruwa

Gonarmu tana gindin duwatsu, a bayan Dutse, kan gangare. Idan aka yi ruwa, wanda ya zubo daga duwatsun ta cikinta yake ratsawa, ya haɗu da na kwatamin unguwa mai kumfar sabulu, da wanda ya wanko kashin shanun rugar da ke gefe, duk su faɗa rafi, rafin kuma ya ƙare a wani tafki. Mahaifina ya san haka, shi ya sa ba ya watsa taki. Rami yake tonawa a gindin kowace shuka, ya zuba ɗan kaɗan, ya rufe da dunduniya. Ni dai a ganina neman ciwon baya ne kawai.

Shekarar da ya rasu gonar ta dawo hannuna. Lokacin ina koyar da darasin noma a wata sakandare. Ni ne mai rubuta wa ɗalibai a allo cewa sinadarin fosfaras da ke cikin taki shi ke ƙarfafa saiwa, kuma a jikin ƙasa yake maƙalewa, inda ƙasar ta tafi nan zai bi. A allo kam na san shi sarai.

Daga gonar nan rumbun Inna, mahaifiyata, yake cika, ba ta da wata. Ni kuma ranar Asabar kaɗai nake samun zuwa gona. Na kawo buhu biyu na takin zamani, na ga hadari ya haɗo daga gabas, na ce madalla, ruwa zai shigar min da shi.

Inna ta ce, "Ba za ka binne ba?"

Na ce, "Haba Inna, ai an daina wannan wahalar."

Ta ce, "To, Malam." Ba ta taɓa ce min Malam ba sai ranar.

Na watsa shi kamar mai ba kaji tsaba. Ban gama karkaɗe buhu ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye ƙarƙashin tsamiya ina kallon jan ruwa yana kwashe saman gonar yana gangarawa da shi.

Bayan wasu makonni gero ya tsumbure, ganyensa ya yi ja-ja. Tafki kuwa ya yi kore shar, gansakuka ta rufe shi, ƙananan kifaye suka taso ciki sama. Wani dattijo da ke kafa mali, tarkon kifi, a tafkin ya same ni a gona. Bai zo da faɗa ba. Ya ce, "Ba kai kaɗai ba ne, ɗana. Mai wanki ya zuba nasa, mai shanu ya zuba nasa. Naka dai ya zo a rana ɗaya."

Na ce, "Haka ne, Baba." Na ji haushi ƙwarai.

Da kaka abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Inna ta ce in kai ta gonar, na goya ta a babur. Ba ta tsaya kan karan geron ba. Can ƙasa ta zuba wa ido, inda ciyawar kachala ta cika bakin tafkin, ta fi mutum tsayi.

Ta ce, "Ikon Allah. Ashe takin mai kyau ne."

Kafin damina ta zagayo, a kasuwa ake auno mata gero da mudu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.